Babban intakula yana rage zafin mota a daji, ko asarar kuɗi ce?

DanDukku_4x4:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga kanikawa da direbobin da ke cikinmu, kuma na fi son amsar wanda ya gwada da hannunsa. Hilux ce da ni ta gas, ƙirar 2012, mai injin 1KD, wannan mai hanci a kan bonet. Aikina kai taki ƙauyuka da ɗauko wake da riɗi, tsakanin Gombe, Dukku da ƙauyukan bakin kogi wajen Nafada. A kan kwalta ba ni da kuka da ita. Amma da na sauka cikin rairayi da lodi, musamman a Maris da Afrilu da rana tsaka, sai allurar zafi ta fara ɗagawa, motar ta yi nauyi, in na taka totur sai baƙin hayaƙi. Wani abokin sana'a ya ce in cire intakulan da ke kan inji, wato abin nan da ke sanyaya iskar da turbo ke tura wa inji, in sayi babba na alminiyam a ɗaura a gaba, wai shi ke nan magana ta ƙare. Na tambayi kuɗinsa da na fayif da na aikin ɗaurawa, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Da gaske yana rage zafi a irin hanyoyinmu, ko sai a kan titi yake aiki?

Abba_Boost:
Wa alaikumus salam. Yaya ka saka kawai. Na kamfani ƙarami ne, kowa ya sani. Duba Hilux ɗin da ta fito daga 2015, mai injin 2.8, babu hanci a bonet ɗinta, Toyota da kansu sun mayar da intakula gaba. Da na sama ya fi, ai da ba su canza ba.

Bakanike_Jekadafari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka fitar da ko sisi, mu raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Allurar da kake gani a gabanka zafin ruwan inji take nunawa, shi kuwa wannan ruwan lagireto ne ke sanyaya shi. Intakula aikinsa daban: iskar da turbo ya matse ita yake sanyayawa kafin ta shiga inji. In allura na hawa, ni inda zan fara dubawa shi ne lagireto, fanka, murfin lagireto da famfon ruwa. An sha kawo min mota da sabon intakula yana walƙiya a gaba, amma lagireton bayansa ya toshe da laka tun damina.

Abba_Boost:
To Oga, in iskar da ke shiga inji ta yi sanyi, ai injin ma zai yi sanyi ko?

Injiniya_Yelwa:
Salam. Abba, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai yadda kake zato ba. Bari in ɗan faɗaɗa, a yi min haƙuri da tsawo.

Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. In turbo yana aiki sosai a rana irin ta Afrilu, iskar da ke fitowa daga cikinsa takan wuce digiri 120. Iska mai zafi ba ta da kauri, wato a lita ɗaya iskar oksijin ɗin da ke ciki ta ragu. A lissafi, duk digiri 10 da ka rage wa iskar, kaurinta na ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100. Shi ya sa in intakula ya gaza, man gas ba ya samun isasshiyar iskar da zai ƙone da ita, sai ka ga baƙin hayaƙi, ƙarfi ya ragu, zafin hayaƙin da ke fita ta salansa ya hau. Wannan ɓangaren kukan Alhaji DanDukku, wato nauyi da hayaƙi, yana iya zama daga intakula ne.

Amma zafin da ruwan inji ke kwasa daga ƙonewar mai yake fitowa, kuma yana da yawa ƙwarai. Rage wa iskar shiga digiri 20 ko 30 zai ɗan sauƙaƙa wa inji, ba zai gyara lagireton da ba ya aiki ba.

Sai babban abin, wanda masu tallan kayan nan ba sa faɗa. Intakula ba ya ƙirƙirar sanyi, iskar waje ce ke ratsa shi ta kwashe zafin. A hanyar Bauchi zuwa Darazo kana gudun 100, iska na dukansa da ƙarfi, kowane iri ka saka zai yi aiki. A cikin rairayi kana tafiyar kilomita 10 ko 15 a awa, inji na kuka a giya ta biyu, turbo na hurawa iya ƙarfinsa, amma iskar da ke ratsa intakulan kaɗan ce. Kunu mai zafi ko ka juye shi a babbar ƙwarya, in ba a fifita ba sai ya daɗe bai huce ba. Girma yana taimakawa, amma iskar da ke wucewa ita ce kan gaba.

Na sama yana da wata matsalar ta daban. Yana zaune a kan inji, in mota na tafiya a hankali zafin injin ne ke tasowa ya ratsa shi ya fita ta hancin bonet. Maimakon ya huce sai ya jiƙu da zafi. Na gaba kuma ya tsira daga wannan, fankar inji na jan iska ta cikinsa ko mota na tsaye, amma duk zafin da ya zubar a fuskar kondensar AC da lagireto yake zubar da shi, kuma in yana da kauri yana tare musu iska. Ka ga ke nan ana iya samun iskar shiga mai sanyi, allurar ruwa kuma ta ƙara hawa.

Manomi_Talasse:
Injiniya ka faɗi abin da ya same ni daidai. Ni na saka na gaba a L200 ɗina, mai kauri sosai, wani dila ya kawo min. Gaskiya a kan kwalta daga Talasse zuwa Gombe motar ta ƙara kuzari, hayaƙi ya ragu, ban musa ba. Amma a gona lokacin kwasar masara, inda nake bin kunya-kunya a hankali da tirela a baya, allura ta fi hawa fiye da da. AC kuwa in na tsaya sai ya riƙa busa iska mai ɗumi. Sai da aka canza min kulocin fanka, wato abin da ke sa fanka ta kama da ƙarfi in inji ya yi zafi, aka toshe gefe da gefen da iska ke zillewa sannan abin ya daidaita.

Abba_Boost:
Ai ka ga matsalarka fanka ce, ba intakula ba.

Manomi_Talasse:
Ƙanina, da wannan fankar nake aiki kafin in saka, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba. An ƙara mata nauyin da ya fi ƙarfinta ne.

Direba_Gembu:
Ni dai zan faɗi nawa, kowa da irin hanyarsa. Daga Gombe nake ɗaukar kaya zuwa Mambila, ta Jalingo, Bali, Serti. Wanda ya san hawan da ke farawa daga Mayo Selbe har ka fita Maisamari ya san ba wasa ba ne, hawa ne mai tsawo da kwana-kwana, babu inda inji zai huta. Da intakulan kamfani, kafin in kai rabi motar ta saki jiki, sai na tsaya na buɗe bonet. Tun da na koma babba na gaba nake haurawa ba tsayawa, kuma lodin bai canza ba. Don haka kada a ce ba ya aiki. Yana aiki.

Injiniya_Yelwa:
Malam Direba, na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma hanyarka ita ce irin wadda babban intakula ya fi dacewa da ita. Saman Mambila ya wuce mita 1,500 daga matakin teku, iska a can ba ta kai kaurin ta Gombe ba, don haka turbo sai ya ƙara juyi kafin ya ba da matsin da injin ke nema, iskar kuma ta ƙara zafi. Sannan kana tafiya da ɗan gudu, ba jan ciki irin na rairayi ba, iskar wajen ma tana ƙara sanyi yayin da kake hawa. Alhaji DanDukku kuwa yana ƙasa, a zafin da ke kai digiri 40 ko fiye, yana tafiyar da ba ta fi ta keke ba. Ba ciwo ɗaya ba ne.

BabaTsohonDireba:
'Ya'yana sannunku. Ni na ja Land Cruiser mai injin 1HZ shekara da shekaru, daga Azare zuwa Gamawa zuwa Zaki, tun ba a san kwalta a wasu wuraren ba. Babu turbo, babu intakula, lita 4.2, ba ta gudu amma ba ta kwana a daji. Abin da muka sani a rairayi shi ne ka rage iskar taya kafin ka shiga. Taya mai tauri nitsewa take, inji ya yi ta wahala a banza. Ka rage iska, ka sa giyar ƙarfi tun kafin ka maƙale, ka bar inji yana juyi da sauƙi. Yaran yanzu sai su shiga da babbar giya suna danne totur har ƙasa, inji na shaƙewa, fanka da famfon ruwa na juyi a hankali, sannan a ce mota na zafi.

DanDukku_4x4:
Baba Allah ya ƙara girma. Iskar taya ina ragewa, amma ba sosai ba saboda lodi, ina tsoron taya ta fita daga rim. Zan samo ƙaramin famfon iska in riƙa tafiya da shi.

Ummu_Khadija_Azare:
Salam. Don Allah a taimaka min, ni ba masaniyar mota ba ce amma ni ke kula da motar da muke kai ma'aikatanmu ƙauyuka. Hilux ce ta fetur. Direbanmu ya ga wannan maganar ya ce mu ma a saka mata. Ya dace?

Bakanike_Jekadafari:
Hajiya kada ki kashe kuɗinki. Hilux ta fetur da aka fi samu a nan mai injin 2TR ce, lita 2.7, ba ta da turbo. Motar da ba ta da turbo babu abin da intakula zai yi mata, babu ma inda za a haɗa shi. Haka ita ma ta gas mai injin 5L. In tana zafi a duba lagireto da fanka.

Ummu_Khadija_Azare:
Na gode Oga, Allah ya saka da alheri. Ba ta ma zafi, shi ne dai ya ce za ta ƙara ƙarfi.

Rewaya_MudaLawal:
Ni shawarata ga mai tambaya ta fi araha. Ka bar intakulanka na sama inda yake, a ɗaura masa ƙaramar fankar lantarki a ƙasansa, mai jan iska daga hancin bonet zuwa ƙasa. Ba sabon abu ba ne, tsohuwar Pajero mai injin 2.8 da fankarta ta zo daga kamfani a ƙarƙashin intakula. A sa mata rilé da fiyus nata, da makunni a kusa da kai, in ka sauka daga kwalta ka kunna. Wannan ita ce ke magance jiƙuwa da zafin da Injiniya ya ambata.

Sannan duk masu motar da ke da hanci a bonet, ku ɗaga bonet ku duba. Akwai roba da ke zagaye bakin hancin ta ciki, wadda ke manne da intakula in an rufe. Da yawa in mota ta je wajen mai gyaran jiki ko fenti sai a cire ta ba a mayar ba, ko rana ta cinye ta. In babu ita, iskar da ta shigo ta hanci zillewa take ta gefe, ba ta ratsa intakulan.

Kaltungo_Boy:
Ni kawai na cire tamostat, wato bawul ɗin nan da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, aka haɗa min fanka dairek, tun lokacin ban sake ganin zafi ba. Ƙasarmu ba ta sanyi ba ce, Turawa aka yi wa tamostat.

Injiniya_Yelwa:
Wannan maganar ta yaɗu a garejojinmu, kuma tana cutar da injuna. Tamostat ɗin irin waɗannan motocin yana fara buɗewa ne wajen digiri 82. Da zarar inji ya wuce nan sosai, a buɗe yake gaba ɗaya, ba ya tare komai. Kuma a injuna da yawa, in ya buɗe yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. In ka cire shi, wannan hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi yana ta zagaye a cikin inji. Ga kuma safiyar hunturu, inji ya daɗe bai ɗumama ba, yana shan mai yana cin kansa.

Kaltungo_Boy:
To ni dai tawa lafiya lau take, har Tula nake hawa da ita.

Bakanike_Jekadafari:
Allah ya sa ta ɗore. Amma in ka cire tamostat zafi ya tafi, yawanci tsohon ne ya maƙale, sabo ya kamata a saka. Tunda an shigo maganar ruwa, bari in ƙara da abin da ya fi damuna. Ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗurawa a lagireto yana barin farin dutse da tsatsa a cikin ƙananan bututun. Daga waje lagireto fes, ciki rabinsa a toshe. A sayi ruwan lagireto na gaskiya, mai launi. Murfin ma a duba: murfi mai lafiya yana riƙe matsi, ruwa ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, tun a 100 ya fara tafasa yana amai.

Malam_Futuk:
Mu nan wajen Alkaleri da Futuk, tun da aka fara zirga-zirgar aikin man Kolmani muke ganin motoci iri-iri a hanyar nan, har da Land Cruiser mai V8 ɗin gas, ita ma intakulanta a sama yake da hanci a bonet. Ban ga suna canzawa ba. Abin da na ga direbobinsu na yi kullum shi ne hure ƙura da iska da wanke fuskar lagireto. Mu kuma abin da ke kashe mu bayan damina shi ne ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa. Ka bi burtali cikin doguwar ciyawa a Oktoba, ka dawo ka leƙa tsakanin kondensa da lagireto, za ka tarar ya cushe. Wanda ya sa intakula a gaba ya ƙara wa kansa wani lungun da ciyawa za ta maƙale, kuma shi ne na farko da dutse ko kututture zai samu.

Abba_Boost:
Shi ya sa ake sayen mai ƙarfi, irin wanda aka jera da sanduna da faranti, ba mai siraran bututu ba. Dutse ba ya fasa shi da sauƙi.

Injiniya_Yelwa:
Haka ne, ya fi jure duka. Amma ya fi nauyi, kuma yawan ƙarfen da ke jikinsa yana sa ya daɗe kafin ya yi zafi, ya kuma daɗe kafin ya huce. Ga mai taka mota na minti ɗaya ya saki, wannan riba ce. Ga wanda zai yi rabin awa a rairayi, da zarar ya cika da zafi ribar ta ƙare, sai abin da iska ta iya kwashewa. Akwai kuma na bogi masu kyan gani a waje, amma a ciki babu isassun ƙananan fikafikan da ke karɓar zafi daga iska. Irin wannan ko ya ninka na kamfani girma, yana iya kasa shi aiki. Ka leƙa ta bakinsa da tocila kafin ka biya.

Sarkin_Mota_Bajoga:
Tambaya ga mai motar: giyarka ta hannu ce ko otomatik? In otomatik ce, a rairayi man giya yana zafi ƙwarai, kuma a motoci da yawa ta cikin lagireto yake bi ya huce. Zafin giya sai ya koma kan ruwan inji. Shiga giyar ƙarfi yana rage wannan.

DanDukku_4x4:
Ta hannu ce ranka ya daɗe.

Sarkin_Mota_Bajoga:
To wannan ba taka ba ce. Amma ka duba gaban motar. In ka sa ƙaton ƙarfen kariya da manyan fitilu biyu da lamba a tsakiya, ka rufe wa lagireto baki.

DanDukku_4x4:
'Yan uwa na dawo da bayani. Yau na kai ta gareji muka bi shawarwarinku. Robar da Rewaya_MudaLawal ya faɗa babu ita sam, ko alamarta. Da aka kwance intakulan an tarar da baƙin mai kwance a ciki, fikafikansa na waje kuma ƙura ta haɗu da mai ta zama kamar kwalta. Aka toshe bakinsa aka hura iska aka zuba ruwan sabulu, sai ga kumfa a inda tankin ya haɗu da jikinsa, wato yana yoyon iska. Tsakanin kondensa da lagireto kuwa, Malam_Futuk kamar kana wurin, ciyawa ce cunkus. Fanka ma in inji ya yi zafi aka kashe, da yatsa ɗaya kake juya ta, ba ta riƙewa. Yanzu tunda dole in canza intakula ko a gyara, tambayar ta dawo: in sayi irin na kamfani, ko in yi amfani da damar in koma babba?

Abba_Boost:
Ka gani ko! Tunda za ka kashe kuɗi, kashe sau ɗaya. Babba a gaba.

Bakanike_Jekadafari:
Alhaji a'a, bi a hankali. Yoyon nan kaɗai ya isa ya kawo baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, domin na'urar inji ta auna iska ta ba da mai daidai da ita, iskar kuma ta zube a hanya. Fankar da ba ta riƙewa da ciyawar nan su ne allurarka. Ka gyara waɗannan, ka sa irin na kamfani mai kyau, ko na Baljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Panteka amma a gwada shi da iska a gabanka. In ka canza komai lokaci ɗaya har da babban intakula, motar za ta gyaru, ka ce intakula ne, alhali ba ka san wanne ya yi aikin ba.

Gargaɗi kuma ga duk mai wanke cikin intakula da kananzir ko fetur: a bar shi ya bushe ƙarƙaf kafin a mayar. Injin gas yana iya shan abin da ya rage a ciki ya tashi da gudu, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. Man da aka gani a ciki ma a bincika, ɗan danshi-danshi ba komai, daga numfashin inji yake zuwa, amma in ya taru da yawa a duba turbo.

Direba_Gembu:
Oga ban ƙi taka ba, amma mutumin nan lodi yake ɗauka kullum a wuri mai zafi. Ko ya gyara komai, na sama na sama ne. Ni da na ga bambanci da idona ba zan ce masa ya koma ƙarami ba.

Manomi_Talasse:
Ni kuma da na gani a gona ba zan ce masa ya sa a gaba ba, sai in zai canza lagireto da fanka tare. Akwai masu yin babba amma na sama, wanda ke zama a mazaunin na kamfani. Da shi da fankar da Rewaya ya faɗa, ina ganin ya fi dacewa da mai tafiyar rairayi. Fayif ma bai ƙara tsawo ba, balle mota ta riƙa jinkirin amsa totur.

Injiniya_Yelwa:
Gani ya kori ji. Alhaji, akwai ƙaramar na'ura da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, a ramin da masu duba mota da kwamfuta ke amfani da shi, tana haɗuwa da waya. Ba ta da tsada, sai dai wasu motocin ba sa magana da ƙananan, sai an nemi ta gareji. Abu biyu za ka riƙa kallo: zafin ruwa da zafin iskar shiga. Ka lura injinka yana da ma'aunin zafin iska biyu, ɗaya kusa da filta, ɗaya bayan intakula, na biyun ake so. Kada ka dogara da allura, an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko zafi na canzawa, ba ta motsi sai abu ya yi nisa.

Bayan gyara, ka bi hanyar da ka saba, da lodin da ka saba, a lokacin da ka saba. In ruwa ya zauna lafiya amma iskar shiga tana hawa tana ƙin sauka a rairayi, fanka a ƙarƙashin intakula ce maganinka. In kuma a doguwar tafiya da gudu da lodi ma iskar na zafi sosai, to nan ne girman intakulan ya gaza, babba zai biya kuɗinsa. Wanda aka ƙara wa motarsa mai da matsin turbo ta kwamfuta, shi kam babba ya zama dole, har da ma'aunin zafin hayaƙi.

Abba_Boost:
Injiniya to ni tawa an taɓa mata kwamfuta, shi ya sa nake ganin bambanci sosai ke nan.

Injiniya_Yelwa:
Shi ne. Motarka da ta Alhaji ba buƙatarsu ɗaya ba.

BabaTsohonDireba:
Ku ƙara da sammako. Mu a bazara da asuba muke shiga rairayi, yana da sanyi kuma ya fi riƙe taya. Ƙarfe 12 ta same ka a gindin bishiya.

DanDukku_4x4:
Baba kasuwannin ƙauye ba sa barin mutum ya zaɓi lokaci, sai an gama awo ake lodi, yawanci bayan azahar. Na gode muku duka. An sa sabon kulocin fanka, an wanke lagireto daga baya da ruwa marar ƙarfi don kada fikafikan su lanƙwashe. Intakula ban yanke shawara ba tukuna, ina neman farashin babba na sama da Manomi_Talasse ya faɗa. Rewaya, fankar nan inci nawa ke shiga a ƙarƙashin na 1KD? Na ga wurin a matse yake.

Rewaya_MudaLawal:
A matse yake kam. Sai siririya, kuma sai an auna a kan motar, domin akwai fayif da wayoyi a ƙasan. Wani lokaci sai an ɗan ɗaga intakulan da washa, amma in aka ɗaga da yawa bonet ba zai rufu daidai ba, robar ma ta matse ta yage. Ka tabbata mai ja ce ba mai turawa ba, in aka juya waya sai ta riƙa kwaso zafin inji tana tura shi sama ta cikin intakulan. In ka shigo Bauchi ka zo da motar a gwada kafin ka sayi fankar.

Direba_Gembu:
Wanda ke da na sama da fanka, kuma yana hawan dutse da lodi, don Allah ya faɗa mana yadda take yi masa. A gudu fankar ba ta tare iskar hancin?